Idan Alƙali Ya Yi Kuskure Kowa Yana Gani

Duk al'ummar da ta naɗa alƙali ta ɗaukar wa kanta alkawari mai nauyi, wato za ta bi maganar mutumin da ta san tabbas wata rana zai yi kuskure. Muddin kuskuren a ɓoye yake, alkawarin ba ya damun kowa. Wanda aka kayar zai yi gunaguni, wanda ya ci ya ce ai kukan shan kaye ne, a watse. Rigima tana tasowa ne ranar da kuskuren ya fito fili ƙarara, har shi kansa alƙalin ya gani ya amsa. To, a wannan rana me ya rage na ikonsa? A bar hukuncin don kare martabar kujera, ko a rushe shi don kare gaskiya? Amurkawa sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya a filin wasan besbol, kuma abin da ya faru a can ya cancanci nazari ko ga wanda bai taɓa riƙe sandar wasan ba. Matsayina shi ne hukunci yana ɗaure mutane amma ba ya ƙirƙirar gaskiya. Saboda haka wajibi ne a gyara kuskuren da ya bayyana, matuƙar ana cikin lokacin da aka ware don gyara, kuma wajibi ne a ƙyale abin da ke fagen ijtihadi a hannun wanda aka ɗora wa amanar.

A besbol, mai jifa yana jefa ƙwallo, mai sanda yana ƙoƙarin bugunta, idan ya buga sai ya ruga zango na farko, wanda ke nesa da ƙafa 90. Idan ƙwallon ta riga shi shiga hannun mai tsaron zangon, an fitar da shi. Idan ƙafarsa ta riga, ya tsira. Alƙalai huɗu ke filin, kuma na zango na farko yakan kafa ido a kan ƙafar mai gudu, ya kasa kunne ga ƙarar ƙwallo a cikin safar hannu, domin ido ɗaya ba ya kallon wuri biyu. Tsohuwar dokar wasan ta ce duk hukuncin da ya dogara ga ganin alƙali, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe, babu ɗan wasa ko kocin da ke da hurumin jayayya. Ranar 2 ga Yunin 2010 a birnin Detroit aka gwada wannan doka gwaji mafi tsanani. Armando Galarraga, mai jifa ɗan ƙasar Benezuwela da ke ƙungiyar Tigers, ya fitar da 'yan wasan Cleveland 26 a jere, babu wanda ya taka zango na farko. Saura mutum ɗaya ya kammala abin da suke kira cikakken wasa, wanda kafin wannan dare sau 20 kacal aka taɓa yi a tarihin babbar gasar. Jason Donald na Cleveland ya buga, Miguel Cabrera na Tigers ya tare ƙwallon ya jefa wa Galarraga, shi kuma ya taka zangon kafin Donald ya iso. Alƙali Jim Joyce ya buɗe hannaye ya ce ya tsira. Bidiyo ya nuna wa miliyoyin mutane akasin haka nan take. Da aka tashi, Joyce ya kalli hoton, ya fito ya amsa cewa ya hana yaron haƙƙinsa, ya je ya nemi gafararsa da hawaye. Kwamishinan gasar, Bud Selig, ya ƙi sauya sakamakon, kuma har yau littafin tarihi yana cewa Donald ya tsira.

Akwai tsohon labari da 'yan besbol ke bayarwa na alƙalai uku. Na farko ya ce yana hukunta abu yadda yake. Na biyu ya ce yana hukunta shi yadda ya gan shi. Na uku ya ce abin ba komai ba ne sai ya furta, maganar da ake jingina wa Bill Klem, wanda ya yi alƙalanci daga 1905 zuwa 1941. Da yawa sun ɗauki na ukun a matsayin mafi zurfin tunani, domin a zahiri maki ba ya hawa allo sai da bakin alƙali. Amma da maganarsa gaskiya ce har ƙarshe, da Joyce bai da dalilin kuka. Idan furucin alƙali ne ke haifar da abin da ya faru, to babu yadda za a yi ya yi kuskure, kuma neman gafara ya zama shirme. Masanin falsafar shari'a na Ingila H. L. A. Hart ya yi wannan bayani a 1961: wasan da makinsa shi ne duk abin da mai rubuta maki ya ga dama, wani wasa ne daban, ba shi ne wanda 'yan wasa suka fito yi ba. Dokar besbol cewa ta yi wanda ƙwallo ta riga shi ya fita; ba ta ce wanda alƙali ya so ya fita ba. Malaman Musulunci sun tsaya a kan wannan rarrabewa tun da daɗewa. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa yana hukunci ne bisa abin da ya ji, kuma wani zai iya fin wani iya baki, don haka wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, wuta ce aka yankar masa. Daga nan jumhurun malamai, har da Malikawa, suka fitar da cewa hukuncin alƙali yana zartuwa a zahiri amma ba ya mayar da haram halal. Hukunci yana tsayawa, gaskiya kuma tana nan a gefensa ba ta motsa ba.

Idan alƙali ba shi ke yin gaskiya ba, daga ina ikonsa ya fito? Daga tushe biyu. Na farko buƙatar yanke magana: wasan da za a tsaya gardama a kan kowane jifa ba zai ƙare ba, kamar yadda garin da shari'arsa ba ta mutuwa ba zai zauna lafiya ba. Na biyu fifikon gani: shekaru aru-aru alƙalin ne ya fi kowa kusa da abin, ya fi kowa horo, kuma ba shi da ɓangare. Mai kallo daga can saman rumfa yana iya ihu, amma a ransa ya san mutumin da ke tsaye a wurin ya fi shi gani. Talabijin ce ta rushe tushe na biyu. A wasa na shida na gasar ƙarshe ta 1985, ƙungiyar St. Louis tana gaba da ci ɗaya da nema, saura ƙiris ta ɗauki kofi, sai Don Denkinger ya ce Jorge Orta na Kansas City ya tsira a zango na farko, alhali hoto ya nuna an riga shi. Kansas City ta ci wasan 2 da 1, washegari ta lallasa St. Louis 11 da nema ta ɗauki kofin, Denkinger kuwa ya sha wasiƙun barazanar kisa. Abin lura a nan shi ne a duk faɗin Amurka, mutanen da aka hana su kalli hoton su ne waɗanda aka ɗora wa yanke hukuncin. Dokar da ta hana alƙali ganin abin da yaro ke gani a ɗakin mahaifiyarsa ta daina kare shi, ta koma tana tozarta shi. Wannan ne ya sa a watan Agustan 2008 aka fara duba bidiyo a kan ƙwallon da ake shakkar ko ta ƙetare katanga, a 2014 kuma aka faɗaɗa: koci yana iya ƙalubalantar hukunci, sai alƙalan da ke zaune a wata cibiya a New York su duba ta kusurwoyi da yawa. A shekarar farko ta faɗaɗawar, kusan rabin hukuncen da aka sake dubawa an rushe su.

Masu adawa na farko sun ce kuskuren alƙali wani ɓangare ne na wasan, kamar iska da ruwan sama, kuma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, don haka a bar wasa da ɗan'adamtakarsa. Suna ƙarawa da cewa da akwai bidiyo a daren Detroit, da duniya ba ta ga abin da ta gani washegari ba, lokacin da Galarraga ya kai wa Joyce takardar sunayen 'yan wasa a cikin fili, suka gaisa, Joyce yana share hawaye. Maganar tana da daɗin ji, amma ta haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Kuskuren ɗan wasa shi ne abin da aka zo aunawa. An taru ne don a ga wa zai jefa daidai, wa zai kuskure. Kuskuren alƙali kuwa lalacewar ma'aunin ne. Kyawun halin da mutanen biyu suka nuna abin yabo ne, sai dai ba a barin zalunci ya ci gaba don a riƙa samun masu yafiya. Akwai kuma hadisin da aka fi kafa hujja da shi wajen yi wa alƙali uzuri, na Amru ɗan As, cewa mai hukuncin da ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, wanda ya kuskure yana da ɗaya. Sharaɗin ladan shi ne ijtihadi, wato ƙure ƙoƙari wajen neman daidai. Joyce ya ƙure nasa, domin a lokacin doka ba ta ba shi komai ba sai ido da kunne, kuma 'yan kwanaki bayan abin, a wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta ESPN, 'yan wasa shi suka zaɓa alƙalin da ya fi kowa ƙwarewa. Amma hukumar da ke da hanyar gano gaskiya cikin minti biyu ta ƙi amfani da ita, ba za ta ce ta ƙure ƙoƙari ba. Uzurin da ya dace da mutum ɗaya a cikin ƙiftawar ido bai dace da masu zama su tsara doka a natse ba. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau, domin komawa gare ta ya fi dogewa a kan ɓata.

Masu adawa na biyu daga ɗaya gefen suka fito. Sun ce tunda an yarda na'ura ta fi ido, me ya rage? A sallami alƙalai, a bar wa kyamara komai. A nan ne ya kamata a taka birki, domin bidiyo yana nuna abin da ya faru ne kawai, ba ya faɗin me abin yake nufi. 'Yan Najeriya ba su manta wasansu da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha ba, lokacin da ƙwallo ta sauka daga kan ɗan wasan Ajantina Marcos Rojo ta taɓa hannunsa. Alƙalin ya je ya kalli allo, ya ga abin da kowa ya gani, ya ƙi ba da fanareti. Babu mai musun cewa ƙwallon ta taɓa hannu. Abin da ake musu a kai shi ne ko wannan taɓawar ita ce wadda doka ke nufi, kuma ko sau ɗari aka maimaita hoton ba zai amsa ba. Besbol cike yake da irin wannan. Littafin dokarsa bai ƙayyade iyakar inda sanda za ta kai a ce mai bugu ya kai bugu ko ya fasa ba, an bar abin ga fahimtar alƙali. Bayan 2014 kuma aka ga wani abu da ba a zata ba: mai gudu ya riga ƙwallo isa zango, amma garin sulɓewa jikinsa ya ɗan rabu da zangon na ɗan lokacin da ido ba zai taɓa kamawa ba, sai kyamara mai rage gudu ta kama, a fitar da shi. Harafin doka ya yarda da haka, amma fiye da shekara ɗari babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin fita. Bidiyon da aka kawo don gyara kuskure ya shiga ƙirƙirar sabon laifi, garin neman gira ana neman rasa ido.

Maganin da gasar ta samo ya yi daidai da abin da malaman fiƙihu suka daɗe da shimfiɗawa. Alƙalan New York ba sa rushe hukunci sai da hujja bayyananna mai gamsarwa, kuma amsarsu kala uku ce: an tabbatar, an rushe, ko hukunci ya tsaya. Ta ukun nan ita ce mafi hikima, domin ma'anarta hoton bai nuna alƙalin ya yi daidai ba, bai kuma nuna ya kuskure ba, saboda haka maganarsa ce ke aiki. Ƙa'idar fiƙihu ta ce ijtihadi ba ya warware ijtihadi, amma malamin Malikiyya al-Ƙarafi ya lissafa inda ake warware hukuncin alƙali: idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko manyan ƙa'idoji. Wato abin da ke rushe hukunci shi ne yaƙini, ba wani zato da ya zo daga baya ba. Ko a kan jifan da aka fi gardama a kansa, wato ko ƙwallo ta ratsa ta akwatin bugu ko ta kauce, na'urar ba ta rabu da hannun ɗan Adam ba. Ƙwallon tana tafiyar kusan kilomita 150 a sa'a, faɗin wurin kuma inci 17 ne, don haka babu musu kyamarorin Hawk-Eye sun fi ido aunawa. Amma kafin su auna sai da mutane suka zauna suka yanke cewa saman akwatin zai kasance kashi 53.5 cikin ɗari na tsawon mai bugu, ƙasansa kashi 27, kuma a tsakiyar wurin za a auna. Gasar Koriya ta Kudu ta miƙa wa na'ura wannan hukunci gaba ɗaya a 2024. Amurka, bayan gwaji tun 2019 a ƙananan gasanni, ta zaɓi wata hanya don kakar 2026: alƙali ya yanke, mai jifa ko mai cafke ƙwallo ko mai bugu ya dafa kansa nan take idan bai yarda ba, kowace ƙungiya tana da dama biyu, kuma wadda ta yi daidai ba ta rasa damarta. Iko bai ɓace ba. Ya rabu ne tsakanin mai yanke hukunci, mai ɗaukaka ƙara, da masu tsara ma'auni.

Saura adawa mafi ƙarfi, wadda ta taɓa zuciya. Idan gaskiya ta fi hukunci, me ya hana Selig ya gyara littafin? Mai bugun da ya biyo bayan Donald an fitar da shi nan take, Detroit ta ci 3 da nema ko ta yaya, alƙalin ya amsa kuskurensa, babu wanda zai cutu. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk da haka ina ganin Selig ya yi daidai. Ƙungiyoyin biyu sun shiga fili a kan sharaɗin cewa ganin alƙali shi ne ƙarshe, kuma sauya sharaɗi bayan an tashi, saboda wanda abin ya shafa ya ba mutane tausayi, buɗe ƙofa ne da babu mai iya rufewa. St. Louis ma za ta zo da tata ƙarar ta 1985, kuma a can babu wanda ya san abin da zai faru da an fitar da Orta, domin duk jifan da ya biyo baya an yi shi ne a kan hukuncin da aka riga aka yanke. Ba za a ce a gyara wa wanda lissafinsa ya zo da sauƙi, a bar wanda nasa ya cakuɗe ba. Mai jayayya zai kawo wasan 24 ga Yulin 1983, lokacin da aka soke bugun George Brett na Kansas City a kan ƙungiyar Yankees saboda ƙaron da ya shafa wa sandarsa ya wuce inci 18, sannan shugaban gasar, Lee MacPhail, ya rushe hukuncin aka dawo aka ƙarasa wasan ranar 18 ga Agusta. Amma wancan saɓani ne kan fassarar doka, kuma dokar lokacin ta riga ta buɗe ƙofar ƙara a kan irinsa. Ba ta buɗe a kan ganin ido ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yanke hukunci a wata mas'alar gado inda ya hana 'yan'uwa shaƙiƙai, daga baya irinta ta sake zuwa ya haɗa su da 'yan'uwa na uwa ɗaya a cikin sulusi. Da aka tuna masa na farko, bai koma ya warware shi ba. Ya bar wancan a yadda aka yanke, ya yi aiki da sabuwar fahimtarsa daga nan zuwa gaba. Besbol ma haka ta yi: ta bar littafin 2010 yadda yake, ta gyara dokar a 2014.

Wani zai ce wannan sulhu ne mai ɗaci, tunda ya bar mutum ba tare da haƙƙinsa ba. Haka ne, kuma bai kamata a ɓoye ɗacin ba. Shari'ar mutane tana da iyaka biyu, iyakar sani da iyakar lokaci. Na'ura tana iya matsar da ta farko, amma ta biyu tana nan daram, domin dole wata rana a rufe magana a koma rayuwa. Abin da ake nema ga kowace hukuma, ta wasa ce ko ta kotu, abu uku ne: ta ba alƙalinta duk abin da zai taimake shi ya gani, ta ƙayyade ƙofar gyara da lokacinta tun kafin rigima ta taso, kuma kada ta taɓa tilasta wa mutane su ce abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru. Hukumar da ta kasa na farko ta yi sakaci, wadda ta kasa na biyu ta gayyato hargitsi, wadda ta kasa na uku kuwa ta nemi a ba alƙali matsayin da ba na ɗan Adam ba. Mai imani ya fi kowa sauƙin karɓar wannan, domin ya san kotun duniya ba ita ce ta ƙarshe ba, don haka yana iya bin hukunci ba tare da ya kira shi gaskiya ba, yana kuma iya faɗin gaskiya ba tare da ya tayar da fitina ba. Alƙali kuma ya san cewa kwarjininsa bai taɓa dogara ga rashin kuskure ba. Ya dogara ne ga yadda mutane suka tabbata cewa shi ma a ƙarƙashin dokar yake, kuma idan aka nuna masa hujja zai karɓa.